Wa ke saurarar Hausa kafin a sabunta manhajojin matse sauti?

A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. An shafe watanni babu netwok. Duk mai son jin wa'azi ko waƙa sai ya dogara da abin da ke cikin memorinsa, ko abin da aka tura masa ta Xender ko Bluetooth a shagon cajin waya. In fayil ɗin ya riga ya lalace, haka za a ji shi, babu inda za a sauko da mai kyau. Wannan kaɗai ya isa ya sa matasan yankin su damu da yadda ake matse sauti.

Sautin faifan CD yana cin 1,411 kbps. MP3 mai 128 kbps ya fi shi ƙanƙanta kusan sau 11. Manhajar da ke matsewa ba sihiri take yi ba, zubar da wani ɓangaren sautin take yi, wanda take zaton kunne ba zai lura ba. Saƙon murya na WhatsApp ma haka yake, da fasahar Opus wadda aka tabbatar a 2012, mai iya sauka har 6 kbps. Abin da aka zubar kuma ba ya dawowa.

To wa ke yanke hukuncin abin da za a zubar? Mutane ne, da kunnensu. Lokacin da ake ƙera MP3 a Jamus, injiniya Karlheinz Brandenburg ya yi ta maimaita waƙar “Tom's Diner” ta Suzanne Vega, domin muryarta tana fita da muni idan an matse ta, har sai da aka gyara lissafin. Wato abin da aka gwada shi ake gyarawa, wanda ba a gwada ba kuwa sai yadda ta yiwu.

Nan ne matsalar sabuntawa take. Gyaran sauti kamar gajeren bargo ne: a rufe kai, ƙafa ta fito. Mai manhaja zai iya daidaita lissafi don murya ta fita tas, sai kiɗa ya dusashe. Shi ya sa sabon sigar manhaja kan iya fin tsohon muni a wani irin sauti. Masu bibiyar LAME, shahararriyar manhajar haɗa MP3, sun shafe shekaru suna riƙe da sigar 3.90.3 duk da fitowar sababbi, saboda ita kunnuwa suka fi tantancewa.

Sautin ƙasar Hausa yana da nasa wuraren wahala. Bugun kalangu, irin wanda ke bayan waƙoƙin Mamman Shata, farat ɗaya yake zuwa da kaifi. Irin wannan bugu ne MP3 ta fi shan wuya da shi, sai a ji wani ɗan shuu kafin bugun ya sauka. Harshen kansa yana da ƙ, ts, ɓ da ɗ, waɗanda babu su a Turanci. Tsakanin “kafa” da “ƙafa”, ko “bata” da “ɓata”, ɗan taƙaitaccen sauti ne ya raba. A garin da saƙon murya ya zama wasiƙar wanda bai iya karatu ba, kuma da shi ake sanar da 'yan'uwa halin da hanya take ciki, fitar kalma sarai ba ado ba ne.

Yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Google ta fitar da Lyra a 2021, Opus 1.5 ta zo a 2024 da dabarar cike gurbin muryar da ta yanke a hanya. Ci gaba ne da zai amfani mai kira daga ƙauyen Faskari. Amma duk manhajar da ke hasashen murya, daga muryoyin da aka koya mata take hasashe. Haƙƙin masu jin Hausa ne su tambaya ko da harshensu a ciki.

Wani zai ce ai kamfanoni na da injiniyoyi, me ɗan Sabuwa zai ƙara? Tarihi ya ba da amsa. Wani ɗan Japan mai laƙabin Aoyumi ya zauna ya sake daidaita manhajar Vorbis, aikinsa mai suna aoTuV ya yi kyau har aka shigar da shi cikin asalin manhajar a 2004. Opus da LAME a buɗe suke, kowa na iya kai rahoton matsala. Abin da ake buƙata shi ne gajeren sauti na asali, sigar manhaja biyu, da aboki da zai kunna su ba tare da ya faɗi wanne ne wanne ba. In kunne ya ci gaba da gane mai munin, an samu hujja.

Kafin nan, akwai ɓarnar da ake yi da hannu. Tura fayil ta Xender ba ya rage masa komai. Juya shi ne ke cinye shi: daga bidiyo zuwa MP3, daga MP3 zuwa status, ko a kunna a lasifika a sake naɗa da wata waya. Kowane juyi sabon yanka ne a kan tsohon yanka. Mayar da 64 kbps zuwa 320 kuwa cika memori ne kawai. Masu tura waƙa da wa'azi su adana kwafin farko, su riƙa juyawa daga shi kaɗai. Mai ɗora sabuwar manhajar juya sauti kuma ya gwada ta da kalangu da muryar malami kafin ya goge tsohuwar. Lambar siga ba ta da kunne.