Dalilin da ya sa makaɗin Final Fantasy ya ajiye aiki bayan shekara 18

Masu iya magana suna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan karin magana ya sha tsoratar da ma'aikatan da suka gaji da wurin aikinsu, suka ci gaba da zama a kujera ɗaya har tsufa ya cim musu, don gudun kada a manta da su. Labarin wani makaɗi ɗan ƙasar Japon, Nobuo Uematsu, ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya bar gidan a lokacin da sunansa ya fi ƙarfi, kuma gidan bai daina aika masa saƙo ba.

Ga wanda bai saba da wannan harka ba, Final Fantasy jerin wasanni ne na na'ura da ake haɗawa da telebijin, irin waɗanda mai wasa yake shiga rigar jarumin labari, ya yi tafiya gari zuwa gari, ya tara abokai, ya yi yaƙi, har labarin ya kai ƙarshe. Wasa guda yakan ci awa 40 ko fiye, saboda haka kiɗan da ke rakiyar mai wasa ya zama babban sashe na hajar da ake sayarwa. Kamfanin Square na birnin Tokyo ne ya fitar da kashi na farko ranar 18 ga Disamba 1987, kuma zuwa shekara ta 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyon 180 na jerin gaba ɗaya. Kasuwa ce babba, wadda ta ciyar da dubban ma'aikata.

An haifi Uematsu ranar 21 ga Maris 1959 a Kochi, cikin kudancin Japon. Bai shiga makarantar kiɗa ba, shi ya koya wa kansa piyano tun yana yaro, yana kwaikwayon mawaƙin Ingila Elton John da yake saurare. Bayan ya gama Jami'ar Kanagawa, ya kama aiki a wani kanti da ke bayar da hayar faya-fayan kiɗa, a nan ne aka yi masa tayin rubuta wa Square kiɗa. Ya shiga kamfanin a 1986, lokacin da kamfanin yake ƙarami, ma'aikatansa ƴan tsiraru ne da suka san juna. Cikinsu akwai wani saurayi mai suna Hironobu Sakaguchi, wanda ya ƙirƙiro Final Fantasy, kuma shi ya nemi Uematsu ya yi masa kiɗan.

Na'urar wancan zamani, Famicom ta kamfanin Nintendo, muryoyi uku kawai take iya fitarwa na karin kiɗa a lokaci guda, sai wata hanya ta ƙarar da ake kwaikwayon ganga da ita. Makaɗin da aka tsuke haka ba shi da inda zai ɓuya, dole karin ya zama mai kama zuciya da kansa. Wannan ƙunci ne ya horar da Uematsu, kuma da na'urori suka ƙara ƙarfi sai horon ya yi amfani. A kashi na shida, a 1994, ya shirya wasan opera a tsakiyar labarin. A kashi na bakwai, a 1997, ya sa muryoyin ƙungiyar mawaƙa a kiɗan yaƙin ƙarshe mai suna One-Winged Angel. A kashi na takwas, a 1999, waƙar Eyes on Me da mawaƙiya Faye Wong ta rera ta ci lambar yabo a gasar faya-fayan Japon ta shekara ta 2000, abin da waƙar wasan na'ura ba ta taɓa samu ba kafin nan.

Daga kashi na farko zuwa na tara, shi kaɗai ya rubuta kiɗan kowane kashi. Sai dai kayan sun yi ta ƙara nauyi. Masu aikin kashi na bakwai sun haura mutum 100, amma mai rubuta kiɗa har yanzu mutum guda ne. A kashi na tara, wanda ya fito a shekara ta 2000, ya rubuta kiɗa wajen 160, aka yi amfani da kimanin 140. Duk wanda ya taɓa riƙe biro shi kaɗai alhali aikin na mutum huɗu ne, ya san yadda ƙarshen irin wannan yake kasancewa. A kashi na goma, a 2001, karo na farko aka haɗa shi da mataimaka biyu, Masashi Hamauzu da Junya Nakano. A kashi na goma sha ɗaya, a 2002, mafi yawan kiɗan Naoshi Mizuta ne ya yi shi, tare da Kumi Tanioka. Hannunsa ya fara sassautawa tun kafin ya rubuta takardar ajiye aiki.

A daidai wannan lokaci gidan ma ya girgiza. A 2001 Square ya fitar da wani sinima mai suna Final Fantasy: The Spirits Within, wanda Sakaguchi ya jagoranta. An kashe masa kimanin dala miliyon 137, abin da ya dawo daga gidajen sinima bai wuce wajen miliyon 85 ba. Hasarar ta taɓa jarin kamfanin ƙwarai. Sakaguchi ya sauka daga muƙaminsa na mataimakin shugaba a wannan shekara, ya bar kamfanin a 2003, ya kafa nasa mai suna Mistwalker a 2004. Ranar 1 ga Afrilu 2003 kuma Square ya haɗe da babban abokin takararsa Enix, aka samu sabon kamfani, Square Enix. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Uematsu ya wayi gari a cikin babban gida mai sababbin shugabanni, ba tare da mutumin da ya fara kiransa aiki ba.

A ƙarshen 2004, yana da shekara 45, ya ajiye aiki ya kafa ɗan kamfaninsa mai suna Smile Please. Dalilai biyu ya bayar da bakinsa. Na farko, an ɗauke biro daga unguwar Meguro aka mayar wajen Shinjuku, kuma sabon wurin bai kwanta masa ba. Shinjuku ita ce unguwar da tashar jirgin ƙasarta take ɗaukar fiye da mutum miliyon 3 a kowace rana, saboda haka mai neman natsuwa don ya ji karin da ke cikin kansa yana da hujja. Na biyu, ya ce ya kai shekarun da ya kamata ya fara riƙe rayuwarsa da hannunsa. Shekaru da yawa bayan haka, a wata hira da suka yi tare da Sakaguchi, ya ƙara na uku: ya bayyana cewa al'amuran kamfanin sun rikice bayan tafiyar Sakaguchi, har ya ga gara shi ma ya fita.

Idan aka auna waɗannan dalilai, na ukun shi ne gindin sauran. Amanar Uematsu tana wurin mutumin da suka fara aiki tare, kamar yadda makaɗin fada yake bin ubangidansa, kuma abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. Manyan wasannin da Sakaguchi ya yi a Mistwalker, Uematsu ne makaɗinsu: Blue Dragon a 2006, Lost Odyssey a 2007, The Last Story a 2011, da Fantasian a 2021. Kamfani yana iya sayen gini, ya riƙe suna da tambari, ya ƙara albashi, amma fahimtar da ke tsakanin mutum biyu da suka shekara 17 suna aiki tare ba ta cikin takardun da ake sa wa hannu ranar haɗewa. Shugaban da ya bari babban ma'aikaci ya fita, ya kamata ya ƙirga har da waɗanda za su bi bayansa.

Akwai kuma maganar mallaka, wadda ƴan kasuwa za su fi kowa ganewa. Kiɗan da ma'aikaci ya rubuta yana cin albashi, haƙƙinsa na kamfani ne. Duk abin da Uematsu ya rubuta wa Final Fantasy yana hannun Square Enix, ko da yake duniya da sunansa ta san shi. Wannan ya fito fili a labarin ƙungiyarsa ta kiɗa, The Black Mages, wadda ya kafa a 2002 tare da abokan aikinsa na Square. Da yake a ƙarƙashin kamfanin aka kafa ta, ba ta da damar kaɗa abin da ya rubuta bayan fitarsa. An rushe ta a 2010, ya kafa wata mai suna Earthbound Papas a 2011, wadda ba ta da wannan takunkumi. A 2006 kuma ya buɗe nasa kamfanin buga faya-faye, Dog Ear Records. Yaron kanti komai iya cinikinsa, ribar ta mai kanti ce, sai ran da ya buɗe tasa rumfa.

Abin lura shi ne yadda ya fita. Bai zagi kowa ba, bai rufe ƙofa ba, ya koma ɗan kwangila da ake nema idan an bukace shi. Ya rubuta waƙar kashi na goma sha biyu a 2006, alhali sauran kiɗan yana hannun Hitoshi Sakimoto. Kashi na goma sha uku, a 2009, ya fito da kiɗan Hamauzu ba tare da sabon abu daga Uematsu ba, amma a 2010 aka dawo gare shi ya rubuta kiɗan kashi na goma sha huɗu. Da aka sake gina kashi na bakwai da sababbin na'urori, shi aka ba waƙar da ke ɗauke da labarin, a 2020 da kuma 2024. Tun daga 2007 manyan ƙungiyoyin makaɗa suna zagaya biranen duniya da kiɗansa a shirin da ake kira Distant Worlds. Tafiyarsa ta kuma buɗe wa wasu hanya: Yoko Shimomura ta jagoranci kiɗan kashi na goma sha biyar a 2016, Masayoshi Soken na goma sha shida a 2023.

Ƴancin kai bai zo masa kyauta ba. Mai zaman kansa ba shi da hutun shekara sai wanda ya ba kansa, kuma ƙin karɓar aiki yana yi masa wuya. Ga rubuta kiɗa, ga tafiye-tafiyen wasa daga nahiya zuwa nahiya, har jiki ya ƙi. A watan Satumba 2018 ya sanar cewa zai dakatar da aiki har ƙarshen shekarar saboda gajiyar da ta taɓa lafiyarsa. A 2024 ya shaida wa wata jaridar Jamus cewa ba ya jin zai sake ɗaukar kiɗan wasa guda cikakke, domin aikin yana cin shekara biyu ko uku, kuma ƙarfin jiki da na zuciya bai kai na da ba. Ya fi son ya ba sauran lokacinsa ga ayyukan da ransa yake so. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.

Mai karatu da ke zaune a biro yana lissafin shekarun da suka rage masa, ko yaron da ya daɗe a kantin ubangidansa, zai iya duba yadda wannan mutum ya tsara fitarsa. Ya zauna shekara 18 har sunansa ya isa jari. Ya raba kaya da na ƙasa da shi kafin ya tashi, don kada aikin ya faɗi a bayansa. Ya fita yana da shekara 45, da sauran ƙarfinsa, ya kuma bar hanyar dawowa a buɗe, shi ya sa shekara 20 bayan ajiye aikinsa kamfanin yake aika masa a rubuta waƙa. Allah ya ba kowane mai sana'a sanin lokacin zama da lokacin tashi.