Tumatirin Dajin da Ke Rayuwa a Hamadar Atakama

Yau mun nufi Kudancin Amurka, gaɓar tekun Fasifik, inda hamadar Atakama ta shimfiɗu a arewacin Chile. A garin Arika, ruwan saman da ake samu a shekara bai kai milimita 1 ba. Amma a wannan yanki, har zuwa kudancin Peru, wani ɗan'uwan tumatir yana tsirowa abinsa. Masana na kiransa Solanum chilense.

Danginsa ba baƙi ba ne a wurinmu: tumatir, gauta, barkono, dankalin Turawa, har da zaƙami da iyaye ke gargaɗinmu a kansa.

To, ina yake samun ruwa? Igiyar ruwan sanyi ta Humbolt da ke bin gaɓar tekun tana sanyaya iskar ƙasa, sai ta kasa tashi sama ta haɗa hadari. Maimakon ruwa, hazo mai laima ne ke shigowa ya lulluɓe tsaunukan bakin teku, ya bar danshi. Shi kuma tsiron yana zura saiwarsa can cikin ƙasa, musamman a busassun kwaruruka, yana lalubo ɗan ruwan da ya ɓuya. Ganyensa toka-toka ne mai laushin gashi, furensa rawaya. 'Ya'yansa ƙanana ne, kuma ko sun nuna kore suke zama. Babu uwar da za ta sa su a miya.

Sai dai manomin tumatir a Kadawa yana da ruwa da tsaki a wannan zance. Akwai cutar da ƙananan fararen ƙudaje ke yaɗawa, ganye ya naɗe ya yi rawaya, shuka ta tsumbure, fure ya zube, wahalar rani ta tashi a banza. A jikin wannan tsiron daji aka gano ƙwayar gadon da ake kira Ty-1, mai taimaka wa shuka jure cutar. Masu inganta iri sun shigar da ita cikin tumatirin gona ta hanyar barbara, aikin da ya ci shekaru, domin jinsunan biyu ba sa haɗuwa da sauƙi.

Charles Rick na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya shafe shekaru yana tattaro irin tumatirin daji a waɗannan ƙasashe. Rumbun irin da ke jami'ar sunansa yake ɗauke da shi, kuma daga nan ake aika wa masu bincike iri zuwa sassan duniya.