Mai hoto, ina albam ɗin mutane?

'Yan'uwa matasa, damina ta kankama, kukan masu ɗaukar hoto a cikinmu kuma ya tashi. Duk wanda ka tambaya ya aiki, sai ya ce kasuwa ta mutu. Gaskiya ne ta yi sanyi. A ikilisiyoyinmu na Kudancin Kaduna da Filato da Gombe da Adamawa, aure ya fi yawa daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da amfanin gona ya shigo gida, 'yan birni kuma sun dawo Kirsimeti. Akwai ɗan motsi bayan Ista. Amma daga Yuni zuwa Satumba kuɗin jama'a yana wajen taki da 'yan ƙwadago, ba kuma mai so ya kafa rumfa ruwa ya watse masa baƙi. Haka take kowace shekara, ba asiri aka yi wa kowa ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ba aiki. Ɗan'uwa mai kyamara, buɗe kwamfutarka mu gani. Aure nawa ka ɗauka a Disamba? Albam nawa ka miƙa? Akwai amaryar da cikinta ya riga ya fito, albam ɗinta bai fito ba. Akwai iyalin da suka binne mahaifinsu tun lokacin hunturu, har yau firam ɗin da za su rataya a falo yana wurinka, alhali ka karɓi kafin alƙalami, wani ma ka karɓi kuɗinsa cif. Sai ga ka ranar zumunta ka ɗaga hannu a yi maka addu'ar buɗin kasuwa, mijin amaryar nan kuwa yana zaune a benci na biyu bayanka, ya kira ka sau biyar ba ka ɗaga ba. Da wane baki zai ce amin? Ka je ka karanta Karin Magana 3:27-28, ka ga abin da aka faɗa a kan mai yi wa maƙwabcinsa jeka-ka-dawo.

Sana'ar nan kashi biyu ce. Akwai tsayuwa a fili da kyamara, akwai kuma zama a kujera ana tace hoto, ana gyarawa, ana shirya shafukan albam. A Disamba kana bikin sallamar amarya ran Juma'a, ɗaurin aure ran Asabar, sujadar godiya ran Lahadi, kowanne ka dawo da ɗaruruwan hotuna. Ba wanda ya ce ka gama su a mako guda. Amma yau da waya ta yi shiru, me ya hana ka zama? Wanda ya tsaya a fili ya karɓi kuɗi, ya ƙi zaman kujera, rabin aiki ya yi ya ci ladan duka.

Na san amsoshin. Za ka ce ba wuta, man janareta kuma ya fi ƙarfinka tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Za ka ce kuɗin wankin hoto ya tashi bayan kun yi ciniki. To, da ka wanke a Janairu da kuɗin da aka ba ka don wankin, ai da tsadar ba ta same ka ba. Kuɗin albam amana ne a hannunka, ba riba ba, kai kuwa ka saya waya da shi. Za ka ce wasu ba su cika maka ciko ba. Nan kam kana da gaskiya, kuma bari in juyo kanmu. Mu 'yan ikilisiya mun iya cin gumin ɗan'uwa da sunan zumunci. A sa yaro ya wuni a tsaye a taron Zumuntar Mata, a sallame shi da shinkafa da "Allah ya sa albarka", kamar albarka ce ke sayen batir. Wannan ma zalunci ne, a daina. Sai dai wanda ya hana ka ciko daban, wanda ya biya ka daban. Kada ka rama gayyar wani a kan wani.

Ga kuma kayan aikin da ka jefa cikin jaka a ƙarƙashin gado. Agusta a Jos ko Kafanchan, danshi yana ko'ina. Gilashin kyamara in ya daɗe a rufe cikin duhu da laima, fumfuna takan tsiro a cikinsa kamar saƙar gizo, in ta yi nisa kuma ta cinye fentin gilashin, ba gogewar da za ta dawo da shi. Ƙurar hunturun bara ma tana ciki ba ka share ba. Samu roba mai murfi da ke rufuwa ruf, ka zuba 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ka cire batir ka ajiye shi dabam, ka riƙa fito da kayan suna shan iska.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hoton auren mutane da ke zaune a kati guda ɗaya tak. Kati yakan lalace, kwamfuta takan mutu, ɓarawo kuma ba ya tambayar abin da ke ciki. Aure kuwa ba a sake shi don mai hoto ya yi ɓari. Kowane aiki ya kasance a wuri biyu aƙalla, ɗaya ba a cikin shago ba. Google na ba da gigabait 15 kyauta, ya isa ka ajiye zaɓaɓɓun hotuna. Kada kuma ka ce ai ka tura musu ta WhatsApp: yakan matse hoto ya rage masa kyau in ba a matsayin fayil ka tura ba, ranar da za a wanke babba sai fuska ta fashe.

In ka sauke bashin nan, aiki na nan. A Yuli makarantu ke bikin yaye ɗalibai, a Satumba ana neman fasfo na sababbin shiga. Wanda ya je ya gaida shugaban makaranta tun Yuni shi ake kira. Sa'an nan ga dattawanmu. Yawancin hotunan farkon zamanin bishara a ƙasar nan Turawan mishan ne suka ɗauka, abin da idonsu ya zaɓa shi muka gada. Yau kyamara na hannunmu, amma tsoho ya rasu a rasa hoton da za a sa a takardar jana'izarsa, sai a yanko kansa daga hoton taro, ko a ɗauko na katin zaɓe. Bi su gida-gida bayan sujada, Baba ya sa babbar rigarsa, Mama ta ɗaura ɗankwalinta na zumunta, ka zaunar da su a bakin ƙofa. Hasken ranar da hadari ya rufe yana da taushi, ba ya sa mutum runtse ido, ya fi na tsakar rani kyau a fuska. 'Ya'yansu da ke Abuja da Legas za su biya, su ne kuma masu aurar da ƙanne a Disamba.

Amma ba daga nan za ka fara ba. Daren yau ɗauki biro da takarda, rubuta sunan duk wanda hotonsa ke hannunka da ranar da ya biya. Fara kiran wanda ya fi daɗewa, ka ba shi haƙuri, ka faɗa masa ranar da zai zo ya karɓa.