Mazarin Damina Da Kududdufinsa

A wannan mako za mu dubi wata ƙaramar halitta wadda kowa ya saba gani tana shawagi bisa kududdufi da damina, watau mazari. Ire-irensa suna da yawa, amma wanda muke nufi shi ne mai jiki ruwan ɗorawa, wanda masana suka laƙaba wa suna Pantala flavescens. Tsawonsa bai cika santimita 5 ba, in kuwa ya buɗe fikafikansa sukan kai wajen santimita 8. Na bayan nan biyu suna da faɗi daga gindi, shi ya sa yakan yini a sama iska na ɗauke da shi, ba safai ake ganinsa a zaune ba.

Abin lura a nan shi ne inda yake zuba ƙwai. Ya fi son ruwan da sama ta tara jiya-jiya, irin wanda ba ya daɗewa, domin galibi babu kifin da zai cinye masa 'ya'ya a ciki. To, amma irin wannan ruwa ƙafewa yake yi. Saboda haka ɗan mazarin, wanda a cikin ruwa yake zaune yana cin 'ya'yan sauro, tilas ya girma cikin kamar mako shida, ya fito ya yi fiffike, alhali waɗansu danginsa sai sun shekara. In kududdufi ya riga shi bushewa, shi ke nan. Haka kuma in mun cika shi da shara da baƙin mai, kashe shi muke yi, alhali sauro ko a ruwan gwangwani ma haihuwa yake yi.

Da ruwa ya ɗauke sai ya bi damina inda ta nufa. Ana samunsa a Afirka da Asiya da Amurka da Ostareliya, a Turai ne kawai ya yi ƙaranci. A shekarar 2009 wani masani, Charles Anderson, ya bayyana yadda dubbansa ke sauka kowane watan Oktoba a tsibiran Maldif da ke tekun Indiya, inda kusan babu tafki. Ashe kan hanya suke daga Indiya zuwa Afirka ta Gabas, tafiyar wajen kilomita 3,500 bisa teku.

Duk da wannan ƙwarewa, ƙyalli na ruɗinsa. Sau da yawa akan ga tamatar tana dangwala wutsiya a kan mota mai sheƙi, tana zaton ruwa ne, ta zuba ƙwai a nan rana ta ƙone su.