Gyaran Gida: Eriya, Telebijin Da Amfilifaya

A wannan wata za mu duba yadda ake haɗa eriya da amfilifaya, wato injin nan mai ba lasifikoki murya. Magidanta da yawa sukan cusa wayar eriya a bayansa, hoto ya ƙi fitowa, sai su ce an cuce su a kasuwa, su taɓa kuɗin cefane su sayo wani. Injin ba shi da laifi. Ramin eriyar da ke bayansa na rediyon FM ne, ba ya kama tashar telebijin.

Ga yadda ake yi. Wayar eriya ta shiga telebijin tukuna. Sa'an nan a ja wata waya daga telebijin zuwa amfilifaya domin murya, ta ramin da aka rubuta wa HDMI ARC a kowannensu. In telebijin tsohuwa ce, sai an nemi dikoda, gama tun 2016 aka soma mai da tashoshi na dijital a Jos. Eriya ta shiga dikoda, wayar rawaya ta kai hoto telebijin, ja da fara su kai murya amfilifaya.

Muna roƙonku, kada a kafa sandar eriya kusa da wayar lantarki, kada kuma a aiki yaro bisa rufin kwano. Kafin damina, a ɗaura wa sandar wayar jan ƙarfe mai kauri zuwa ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa, saboda aradu.

In murya ta fito, a tuna da maƙwabta, a kuma kashe lokacin addu'ar iyali. Ubangiji ya kai mu wata mai zuwa.