Ciwon hannu: Cutar sana'a da ba ta da rajista a ƙauyukan Gaya da Ajingi

Da zarar kaka ta yi a Balan da sauran ƙauyukan ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi na gabashin jihar Kano, aikin mata yakan ninka: ga sussukar gero da dawa, ga surfe da daka, ga ɓarar gyaɗa da murza tunkuza domin fitar da mai da ƙuli-ƙuli, ban da jan guga da ɗinkin hula.

Abin da ya haɗa waɗannan ayyuka shi ne maimaita motsi iri ɗaya da ƙarfi, sa'o'i da dama a rana, shekara da shekaru. Wannan kuwa shi ne yanayin da likitoci ke dangantawa da ciwon hannu mai daɗewa, wanda kan kai ga yatsu su daina jin taɓi.

Ƙidayar shekara ta 2006 ta nuna cewa mutanen Gaya sun haura dubu 200, na Ajingi kuma dubu 170, kuma akasarinsu manoma ne. A irin waɗannan gidaje, hannun mace shi ne jarinta.

Yadda ciwon yake

A wuyan hannu akwai wata ƙuntatacciyar kafa wadda jijiyar da ke kai saƙon taɓi zuwa ƙwaƙwalwa take ratsawa. Idan wurin ya kumbura sai ya matse jijiyar.

Alamar farko ita ce sagewar babban yatsa da manuniya da na tsakiya, da jin kamar ana tsira musu allura, musamman da dare, har mace ta farka tana yarfe hannu. Ciwon kan haura zuwa damtse. Idan aka daɗe ba a kula ba, naman gindin babban yatsa yakan zube, allura ko kwano su riƙa suɓucewa, kuma mai tuya na iya ƙonewa ba ta ji ba.

Wani bincike da aka yi a kudancin ƙasar Sweden, aka wallafa a 1999, ya gano cewa kimanin kashi 14 cikin ɗari na manya suna kukan irin waɗannan alamu, an kuma tabbatar da cutar a jikin kusan kashi 3 cikin ɗari. Masana sun ce ta fi kama mata da kimanin ninki 3, saboda kafar tasu ta fi ƙunci, kuma juna biyu da ciwon sukari da ƙiba suna ƙara haɗarin.

Sai dai ba kowace mutuwar yatsu ce ke fitowa daga aiki ba. Ciwon sukari kan lalata jijiyoyi, haka ma kuturta, wadda ake warkarwa da maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa kyauta tun 1995. Saboda haka ɗaukar kowane ciwon hannu a matsayin "sanyi" na iya ɓoye cutar da ta fi shi muni.

Doka ta tsaya a ƙofar gida

A 2010 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sabunta jerin cututtukan da sana'a ke haddasawa, ta kuma ambaci matsewar jijiyar wuyan hannu ƙarara. A wannan shekara ce Nijeriya ta kafa dokar biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni ko suka kamu da cuta a bakin aiki, wadda asusun NSITF ke aiwatarwa.

Amma tsarin ya dogara ne a kan gudummawar da mai ɗaukar ma'aikata yake biya. Matar da ke soya gyaɗa a tsakar gidanta ba ta da ubangida, ba ta da albashi, sunanta kuma ba ya cikin wata rajista. Tun a 1969 masaniyar nan 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi nazari a Batagarawa kusa da Katsina, ta kira kasuwancin matan Hausawa na cikin gida "ɓoyayyen ciniki". Fiye da shekaru 50 bayan haka, cinikin ya ci gaba da ciyar da gidaje, ciwon da yake jawowa kuma ya ci gaba da ɓuya tare da shi.

Nisan magani

Idan aka gano cutar da wuri, maganinta ba shi da tsada: ɗaurin da ke miƙar da wuyan hannu lokacin barci, da sassauta aiki, wani lokaci kuma allurar rage kumburi. Idan ta yi nisa sai ƙaramar tiyata.

Matsalar ita ce ƙwararrun ƙashi da jijiya da ma'aikatan gashi sun fi taruwa a birnin Kano, a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tafiyar sama da kilomita 50 daga Gaya. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara kuɗin mota, ya kuma ƙara kuɗin niƙa da markaɗe, kuma duk lokacin da inji ya yi tsada, turmi da taɓarya ne mafita ga mai ƙaramin ƙarfi.

Abin da ya fi kusa da ita shi ne kantin magani. Ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen suna kwantar da ciwon na ɗan lokaci, amma ba sa sakin jijiyar, kuma yawan shansu na iya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Abin da ya rage

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta, bisa alƙaluman 2019, cewa mutane kimanin biliyan 1.7 ne ke fama da cututtukan ƙashi da tsoka da gaɓoɓi. A watan Mayun 2023 babban taronta ya zartar da ƙudurin da ke kira ga ƙasashe su shigar da aikin farfaɗo da gaɓoɓi cikin tsarin lafiya, har da matakin farko.

Nijeriya na da kafar yin hakan. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu domin marasa galihu.

Matakin farko ba ya buƙatar na'ura: a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci su tambayi macen da ta zo awon ciki ko rigakafin yara irin aikin da take yi da kuma yatsun da suke sage mata, su auna mata sukari, su tura ta gaba kafin jijiyar ta lalace.

Sauran kuma yana hannun magidanta da malamai da masu unguwanni. Kuɗin niƙa da miji zai biya yau bai kai abin da gidan zai rasa ba ranar da hannun ya kasa riƙe taɓarya.