Gardamar Teburin Mai Shayi da Kundin Digirinmu

Bayan da Nafisa Abdullahi ta fita daga shirin Labarina na Aminu Saira a shekarar 2022, aka kuma ɗora Fati Washa a gurbin Sumayya, wata rana da dare na zauna a teburin mai shayi a unguwar Sabo, na tarar da samari, cikinsu har da ɗalibaina biyu, sun kaure da gardama. Wani ya ce Sumayya ta mutu tun ranar da fuskar ta sake, suna kawai ya rage. Wani ya ce sam, Sumayya hali ce da marubuci ya gina, duk wadda ta iya ɗaukar halin ita ce Sumayya. Sai wani mai gyaran waya, wanda bai taɓa zama a ajin adabi ba, ya ce su lura, sauran 'yan wasan duk suna kiran ta Sumayya ba tare da ɗar ba, 'yan kallo ne suka ƙi amincewa. To, wa ke da ikon yanke hukunci, mai shiri ko mai kallo?

Mai karatu, wannan ita ce tambayar da muke ɓata zangon karatu guda muna kewayawa da sunan nazarin taurari da matsayin mai karatu a cikin adabi. An yi ta a kan kofin shayi, da hujja, da misali, kowa kuma na shirye ya kare abin da ya faɗa.

Da lokacin rubuta kundi ya zo, ɗaya daga cikin ɗaliban nan ya kawo mini take: jigon faɗakarwa a wasu zaɓaɓɓun finafinan Hausa. Babi na farko ma'anar fim, na biyu tarihin fim, sai taƙaita labari shafi bayan shafi, daga ƙarshe aka sanar da mu cewa finafinan suna faɗakar da al'umma a kan illar ƙarya da cin amana. Yaron da ya kusa kifar da teburin mai shayi saboda Sumayya, a takarda ba shi da ra'ayi ko na anini. Ban ga laifinsa ba. Mu malamai muka koya masa cewa ra'ayi abin kunya ne, kuma kalmar faɗakarwa ita ce layar da ke fid da mutum daga hannun mai jarrabawa.

Na san abin da abokan aikina za su ce: wai hayaniya ce ta magoya baya, wannan na Ali Nuhu, wancan na Adam A. Zango, kuma sau da yawa takan ƙare da zagin 'yan wasa mata a kan rayuwarsu ta gida. Haka ne, ba na kuma kare zagi. Amma ko mutumin nan da ke watsar da fim da cewa kwaikwayon Indiya ne, in ka matsa masa, zai faɗa maka fim ɗin da aka ɗauko, da fitowar da aka sauya, da dalilin da ya sa rawar da ta dace da can ta zama bambaraƙwai a Kano. Mene ne wannan in ba kwatanta adabi ba? Da Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa ya sa musu rigar Hausa a Magana Jari Ce, gwaninta muka kira abin, muka yi ta samun digiri a kansa.

Ba yau muka fara makara ba. A shekarun 1990, lokacin da littattafan su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu ke yawo hannu-hannu, a shafukan jaridu aka gwabza a kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano. Azuzuwanmu sai daga baya suka biyo sawu. Turmin Danya ya fito a 1990. Yau fiye da shekara 30 ke nan 'yan kallo na tafka muhawara a kan fim ɗin Hausa, mu kuwa har yanzu muna buɗe babi da ma'anar fim.

Saboda haka, a bana ba zan sa hannu a kan duk wani take da ya fara da jigon faɗakarwa ba. Ɗalibin da ke son in duba masa kundi ya zo mini da tambayar da ta taɓa hana shi barci bayan ya kashe talabijin, ya kuma zo da hujjar abokin da ya ƙi yarda da shi.